Takardun Tsoho a Ƙarƙashin Dutsen Guga

"...lafiya ƙalau na tashi, sai yanzu da na ji muryarki kaina ya fara sarawa. Wa ya aiko ki?"

"Ban ma gama gaisuwar ba, Tsoho. Ina kwana kawai na ce. Saura ya jiki, saura ya ƙafa, saura ya 'yan haƙoran nan da suka rage."

"Riƙe sauran ki kai wa sa'anki. Matar kirki da sassafe take zuwa gaida mijinta, da ruwan zafi a hannu. Ke sai rana ta take, hannu bibbiyu a kan waya."

"Mijin kirki kuma ba ya tarbar matarsa da toka a gemu."

Tsoho ya shafa gemun, ya kawo tafin hannunsa daf da hanci yana neman tokar, sannan ya goge a jikin rigarsa.

Shagon guga ne ɗan ƙarami a bakin titi, a matse tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da katin waya. Ciki babu komai sai dogon teburi da aka shimfiɗa wa bargo, buhun gawayi a lungu, kwalbar yayyafa ruwa mai hudajjen murfi, da igiya daga bango zuwa bango ɗauke da kayan mutane. A nan Tsoho ya yi ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi. Wadda ta shigo kuwa jikarsa ce, 'yar babban ɗansa. Gajera yake ce mata tun tana rarrafe, kuma ko da ta yi tsawo har sai ta sunkuyar da kai take shiga ƙofar shagon, bai janye sunan ba, gidan ma kowa ya bi bakinsa. Tun tana goye yake cewa matarsa ce. Ita kuma tun da ta iya magana take neman ya sake ta.

"Baba ne ya aiko ni," in ji ta. "Takardun asibiti."

"Ba na nan."

"Ga ka ina kallonka."

"Wanda kike kallo mai guga ne. Mai takardu ya fita tun ɗazu, bai ce ga lokacin da zai dawo ba."

Gajera ta ja kujerar roba ta zauna, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Ta san da haka za a fara. Yanar ido ce ta rufe wa Tsoho idanu, na dama ya tafi kusan gaba ɗaya, na hagu yana bin sahu. Likitan ido ya ce aikin ba mai wuya ba ne, amma ba zai sa rana ba sai ya ga sakamakon gwaje-gwajen da aka yi wa tsohon, na jini da na zuciya. Ya ce a turo masa ta waya yau kafin ya tashi daga aiki, domin gobe zai yi doguwar tafiya, kuma in bai sa ranar yau ba, magana ta koma sai bayan watanni. Idon hagu kuwa ba lallai ya jira ba.

"To zan jira shi," ta ce. "Kafin ya dawo bari in kira mai gawayi in gaya mata kana neman aurenta."

"Ke! Matar da muryarta ta fi ta babbar mota?"

"Ita ce daidai da kai. Ba ka gani, ita ba ta ji. Zaman lafiya har abada."

Tsoho ya yi tsaki, amma gefen bakinsa ya motsa. Ya sunkuya ƙarƙashin teburin, ya ture tsofaffin tsummokara, ya jawo wata baƙar leda da aka ɗaure wa baki kamar ana tsoron abin da ke ciki ya gudu. Ya jefa mata a cinya.

"Ga su nan. Ki yi abin da za ki yi, ki ba ni wuri. Amma wai me za ki yi musu?"

"Sikanin."

"Wane ne shi?"

"Ba mutum ba ne. Zan ɗora wayar a saman takarda, ita da kanta za ta nemo kusurwoyin, ta ɗauka, ta miƙar da ita, ta wanke rubutun ya fito tas. Sai in haɗa su duka wuri ɗaya in tura wa likita."

"Hoto ke nan."

"Ba hoto ba ne."

"Abin da aka ɗauka da ido ɗaya hoto ne, ko me kuka sa masa suna. Wato yanzu jinina zai shiga waya, duniya ta ji abin da ke cikinsa? 'Yan matan layin nan su ji ina da hawan jini su watse?"

"Waɗanne 'yan mata? Ni kaɗai ce na rage maka, ni ɗin ma tausayi ne."

"Tausayi? Ke da ubanki ya kawo min ke a zani, ya ce don Allah in rufa masa asiri in karɓa, babu mai so?"

"Ai da ya san abin da za ka zama, da ya wuce da ni gaba."

Ta kwance ledar. Takardun sun sha ninki a kan ninki, wasu sun zama kamar laya, wasu an dunƙule su kamar an tashi zubarwa aka fasa. Mutumin da ba ya iya ganin ninki ɗaya a wuyan rigar wani ya bar ta, shi ne ya yi wa takardunsa wannan cin mutuncin. Gajera ta ɗaga kai ta dube shi. Ya juya baya yana gyara wata riga a igiya, wadda ba ta buƙatar gyara.

Wayar tana son farar takarda a kan abu mai duhu, ta haka take gane inda gefe ya ƙare. Gajera ta waiga, ta zaro wani baƙin wando daga igiya ta shimfiɗa a teburi.

"Wandon wa kika taɓa?"

"Baƙi ne kawai."

"Na malamin makaranta ne! Mutumin da in ya ga gashi ɗaya a kai sai ya yi min lacca. Mayar!"

"Aro na yi. Ka ce masa wandonsa ya yi aikin lada."

Ta baje takarda ta farko a kai, ta matsa kusa da ƙofa inda haske ya fi, ta ɗaga wayar. Wani shuɗin layi ya fito a fuskar wayar yana lalube, ya kama wannan kusurwa ya saki waccan, ya yi ta rawa kamar mai jin sanyi. Da ƙyar ya tsaya ta danna. Abin da ya fito ba ya karantuwa. Kowane ninki ya jefa inuwa, inuwar ta haɗiye lambobin. Ta sake. Ta danne gefe da yatsa, yatsan ya fito a ciki. Ta danne da kwalbar ruwa, kwalbar ta rufe sunan gwajin.

"Wannan ninkin naka ne ya ɓata komai," ta faɗa cikin ƙunƙuni. "Da a miƙe suke da tuni na gama."

Ba ta rufe baki ba ta gane ta yi kuskure. Tsoho ya juyo a hankali, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir.

"Me kika ce? A miƙe?"

"Ban ce komai ba."

"Wato wayar taki mai ido ɗaya, da duk iliminta, ba ta iya karanta abin da ya yamutse? Sai an kawo wa mai guga?" Ya tafa hannu. "Matsa. Matsa min, Gajera. Yau za ki san wa kika aura."

"Tsoho, babu lokaci."

"Takardar da za ta je gaban likita ba za ta fita daga shagona a yamutse ba. A ce daga ina? A ce daga wurin wane? Ina!"

Ya ɗauko dutsen guga, wani jibgegen ƙarfe mai marfi, ya buɗe shi, ya fara zaɓen gawayi ɗaya bayan ɗaya da yatsu, yana jefar da wanda bai yi masa ba. Ya kunna, ya fita ƙofa yana fifita, yana gaisawa da mai gyaran takalma, yana tambayarsa lafiyar surukarsa, da ta maƙwabcin surukar. Da garwashi ya kama sai ya ce ya yi zafi da yawa, takarda ba ta son gaggawa, a bari ya huce. Da ya huce ya kawo shi kusa da kumatu ya ce ya huce da yawa.

Gajera tana zaune tana kallon agogon wayarta, tana kallonsa. Ta gane wasan. Ba miƙewar takarda ce ta dame shi ba. Rana yake so ta faɗi. In likita ya tashi bai ga komai ba, gobe Tsoho zai buɗa hannu ya ce ai shi a shirye yake, yarinya ce wayarta ta ƙi aiki. Abin da ya ba ta haushi shi ne da ta leƙa cikin zuciyarta ta tarar ita ma wani ɓangare nata yana so ranar ta faɗi. Yatsanta ne zai danna turawa. In aka kwantar da shi aka taɓa idon, aka samu akasi, ɗan hasken da ya rage ya tafi, kowa zai ce ƙaddara, amma ita za ta san yatsan wa ne. Shi ya sa da Baba ya ce ta zo, sai da ta yi wanki, ta yi shara, ta gyara ɗakin da babu mai shiga, kafin ta fito.

Ta miƙe tsaye don ta kori tunanin.

"Ango, in ka gama gaisawa da garwashin, ga takarda."

Ya shimfiɗa takardar a kan bargo, ya rufa mata wani siririn farin ƙyalle, ya ɗora dutsen. Sau ɗaya ya ja, daga sama zuwa ƙasa, ya ɗaga. Takardar ta fito sumul kamar yanzu aka zaro ta daga injin. Gajera ta ɗora ta a kan wandon malamin makaranta, ta ɗaga waya. Shuɗin layin ko rawa bai yi ba, ya cafke kusurwoyin nan take, ya ɗauka da kansa. Rubutu ya fito baƙi ƙirin a kan fari fat, har ɗigon da ke tsakanin lambobi.

"Yaya?" in ji Tsoho.

"Ba laifi."

"Ba laifi! Ji bakin baƙin ciki. Faɗi gaskiya, ta yi ko ba ta yi ba?"

"Wayar ce mai kyau."

"Wayar da ɗazu take rawar ɗari? Ni na ba ta hankali. Ki gaya wa waɗanda suka ƙera ta, in suna son ta yi aiki su riƙa sayar da ita haɗe da ni."

"Wa zai saya? A ce waya sabuwa, tsoho kyauta? Sai a dawo da duka biyun."

Haka suka ci gaba. Ya goge, ta ɗauka. Duk da jan ƙafarsa, hannun ya fi shi gaskiya, in dutse ya hau takarda ba ya iya yin aikin banza. Tsakanin kowace takarda sai ya ƙirƙiro wani abu. Ya ce ƙyallen ya yi datti. Ya ce bayansa ya riƙe. Ya ce shi fa in aka buɗe masa ido, abu na farko da zai gani fuskarta ce, kuma yana tsoron abin da zai biyo baya.

"Yanzu a dishi-dishi nake ganinki, ina cewa ba laifi, Allah ya ba ni daidai gwargwado. In na gan ki tar, wallahi ranar zan sake ki."

"Ai shi ya sa nake sauri. Shekara nawa ina roƙo?"

"Kuma in gano cewa duk shekarun nan da sandar rake nake zaune?"

"Ni kuma fa, da nake ganinka tar tun da aka haife ni? Wa ya tausaya min?"

Mai gyaran takalma, da ke jin komai ta bango, ya tuntsire da dariya har guduma ta faɗi daga hannunsa.

Saura takarda ɗaya, ta gwajin zuciya. Ba irin sauran ba ce. Doguwa ce siririya, mai santsi da ɗan sheƙi, an zana mata ƙananan gidaje ja-ja, wani baƙin layi yana tafiya a kai yana hawa yana sauka. Ita ce likita ya fi nanatawa. Ta fi kowacce shan wahala a cikin ledar, ta nannaɗe kamar igiya. Gajera tana duƙe a kan waya tana jera shafukan da ta ɗauka, wannan ya koma gaba, wancan ya koma baya, tana juya wanda ya zo a kife. Ta ji ƙarar dutsen ya sauka, ta ji ya ja, ya sake ja. Wani wari ya taso, ba na gawayi ba, ba na ƙyalle ba.

"To ga sarauniyarsu," in ji Tsoho. Ya yaye ƙyallen, ya ɗaga takardar da hannu biyu yana murmushi. "Duba nan. Ko ranar da aka haife ta ba ta yi wannan kyan ba. Ɗauka mu gani."

Gajera ta ɗago. Takardar ta miƙe sumul, babu ko alamar ninki. Kuma daga wannan baki zuwa wancan ta zama baƙa wuluk. Babu gidajen, babu layin. Irin takardar nan ce da zafi ke yi wa rubutu, kamar rasidin kanti, in zafi ya taɓa ta ko'ina, ko'ina ya zama rubutu.

Ba baƙin ne ya tsayar mata da numfashi ba. Murmushin ne. Yana riƙe da ita a gaban fuskarsa, yana jiran yabo.

Da farko ta zaci da gangan ya yi, ta buɗe baki za ta ce ya ci wasan. Sai ta dubi fuskar da kyau. Ta san fuskarsa ta makirci, tun tana ƙarama take ganinta, gira ɗaya takan ɗaga. Wannan ba ita ba ce.

"Kin yi shiru. Kyan ne ya kashe miki baki?"

"Tsoho." Ta sauke wayar. "Ta ƙone."

"Me ya ƙone?"

"Takardar. Ta yi baƙi gaba ɗaya."

"Ke dai ba ki da ta ido. Ni zan ƙona abu? Da wannan ɗan ɗumin da ko jariri aka ɗora wa sai dai ya yi barci?"

"Ba laifin hannunka ba ne, irin takardar ce ba ta son zafi ko kaɗan. Ni ma ban tuna ba. Amma ta yi baƙi."

Ya kawo ta hanci ya shinshina. Ya shafa ta da babban yatsa. Sannan ya taka zuwa ƙofa, ya fita cikin rana, ya karkata kai yana kallonta ta gefen idon hagu, kamar yadda kaza ke kallon ƙwaya. Ya daɗe a haka. Da ya dawo ciki bai dubi Gajera ba. Ya ajiye takardar a kan bargo a hankali, ya zauna a kan buhun gawayi, abin da ya hana kowa yi tun da aka buɗe shagon.

"Na ɗaga ta ina nuna miki," ya ce.

"Eh."

"Ina dariya."

Ya nuna igiyar da hannu.

"Tashi ki duba min igiyar nan. Ɗaya bayan ɗaya. Kada ki yi min kara."

Ta bi kayan tana ɗagawa. Riguna, wanduna, mayafai, kayan makarantar yara. Kari ya fita a kowanne kamar da wuƙa aka yanka, babu ƙuna ko ɗaya, hannun ya san zafin da kowane yadi ke ɗauka ba sai ido ya gaya masa ba. Sai a wuyan wata farar riga ta ga ɗan tabon toka, wanda dutse ya bi ta kai ya zaunar da shi daram. Ta tsaya da rigar a hannu. Tana iya cewa lafiya lau. Ta san kuma in ta faɗi haka, ba don shi ta faɗa ba, don kanta ne.

"Duk lafiya, sai wannan. Ka yi wa mai farar riga tambari a wuya, kyauta."

"Ta direban asibiti ce." Ya girgiza kai. "Da ya sa ta ya fita da ita."

"Sai ya ce sabon yayi ne."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki mafici yana juya shi a hannu.

"Kina zaton wuƙa nake tsoro? Ni da na cire wa kaina haƙori da zare? Likitan nan ya ce in an yi aikin, babu sunkuyo, babu hayaƙi, babu toka, har makonni. Wato a rufe ƙofar nan. Ubanki kuma abin da yake jira ke nan. Ranar da na rufe ta da kwadona, zai zo ya ƙara nasa a kai, ya ce Baba ka huta. In huta in yi me? In zauna a tsakar gida ina kora wa jikoki ƙudaje, uwarki tana ajiye min kwano kamar baƙo?"

Gajera ta so ta ce ba haka ba ne, amma da kunnenta ta ji Baba yana waya da wani mai aski da ke neman shago a bakin titi. Baba yana son idon mahaifinsa ya warke, wannan gaskiya ne. Yana kuma jin nauyin abokan aikinsa su wuce a mota su ga mahaifinsa yana fifita garwashi a titi. Wannan ma gaskiya ne, kuma ita ce ba ya faɗa.

Ta zauna ta rubuta wa likita abin da ya faru, ba ta ɓoye komai ba, har dutsen guga. Ba a jima ba amsa ta shigo, da 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye. Ya ce ta turo sauran yanzu. Gwajin zuciya kuwa ba ya ɗaukar lokaci, in sun zo kafin a tashi za a sake shi nan take, ya sa rana.

Ta karanta wa Tsoho. Ya yi kamar da mafici take magana.

"Wa ya ce za a rufe ƙofar?" ta ce.

"Aljanu za su yi min gugar?"

"Ni."

Ya ɗago kai. Sai ga dariyar ta dawo, ta ƙwace masa har da tari.

"Ke? Ke da kika taɓa goge mayafinki ya koma hankici? Ke da ba ki san bambancin sitati da kunu ba?"

"Ina hutu, makaranta sai bayan watanni. Likita ya ce kada ka sunkuya, bai ce a ɗinke maka baki ba, ko da yake da ya taimaki al'umma. Mu ajiye maka kujera a waje inda babu hayaƙi, ka ɗora ƙafa, ka yi ta ba da umarni. Ka ce ja, in ja. Ka ce ɗaga, in ɗaga. Ba abin da ka fi so ke nan a duniya ba?"

"Ki kashe min kasuwa a mako ɗaya."

"Ka kashe ta da kanka, kana yi wa mutane tambari a wuya. Ni aƙalla in na ƙona zan gani."

Wannan ta shige shi. Ya taune leɓe.

"Ubanki fa?"

"Shagon da ke buɗe ba a sa masa kwado. In ya zo ya tarar da 'yarsa a ciki da dutse a hannu, sai dai ya kawo nasa kayan."

"Zai ce na mayar masa da 'yar jami'a mai guga."

"Sai in ce aikin mijina nake taya shi. Ba shi ya kawo ni a zani ba?"

Tsoho ya dube ta ta gefen idon nan na hagu, ya daɗe, kamar yana neman inda ƙaryar take. Ita ma ta tsaya ta bar shi ya nema.

"Shafukan da kika ɗauka," ya ce daga ƙarshe, "sun fito da kyau?"

"Tas."

"To ki rubuta a ƙasa, wanda ya goge su shi ne mai su. Kada likita ya zaci aikin wayarki ne."

"In tura?"

"Sai na sa miki hannu? Tura mana, kin tsaya kina kallona kamar tsohuwar mota."

Ta danna. Ɗan layi ya cika a fuskar wayar, alama ta fito cewa saƙo ya isa. Ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta, wani kuma ya hau, amma na biyun bai kai na farkon nauyi ba.

Tsoho ya tashi daga kan buhun, ya kaɗe bayansa. Ya fitar da dutsen waje, ya juye garwashin a gefen kwata, ya zuba masa ruwa, hayaƙi ya tashi da ƙara. Mai gyaran takalma ya leƙo, baki buɗe.

"Lafiya, Baba? Rana tsaka?"

"Madam ce ta ce in raka ta asibiti. Zuciyarta ce ke bugawa in ta gan ni, za a duba."

Ya sa hannu cikin wuyan rigarsa ya zaro wani zare da ya yi baƙi don daɗewa, da makulli ɗaya a jiki. Ya cire shi ta kai, ya riƙe shi ɗan lokaci a tafin hannu, sannan ya miƙa mata.

"Karɓi. Ba kyauta ba ce, kada ki fara rawa. Ajiya ce. Rufe mu tafi."

Gajera ta jawo ƙofar ƙarfen, ta zura kwadon. Ya ƙi shiga. Ta tura, ta ja, ta jijjiga, ta buga da tafin hannu. Ramukan biyu sun ƙi haɗuwa, ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa. Gumi ya fara tsattsafo mata a goshi. Tsoho yana tsaye a baya, hannuwa a goye, yana jin ƙarar ƙarfen kamar mai sauraron kiɗa.

"Tsoho, ƙofar nan ta lalace."

"Lafiyarta ƙalau. Ba ta san ki ba ne."

"To yaya ake yi?"

"Sa gwiwa a ƙasa ki ɗaga ta kaɗan. A'a, ba da ƙarfi ba, ba dambe kuke yi ba. Lallaɓa ta."

Ta sa gwiwa, ta ɗaga. Kwadon ya shige, ya ce ƙyas.

Tsoho ya fashe da dariya har sai da ya dafa bango.

"Jama'a ku zo ku ga magajiyata! Ko ƙofa ba ta iya rufewa ba, wai ita ce za ta fitar wa malamin makaranta kari!" Ya share hawaye da bayan hannu, ya miƙo mata gwiwar hannunsa. "Na yarda, kin ci. Riƙe ni mu tsallaka. Gobe da sassafe ki zo, za mu fara da tsumma."